Yadda Muka Nemo wa 'Yar Kwali Uwa a Deira

Aikin da na yi a Kaduna kafin mu koma Dubai ba shi da suna mai daɗin faɗa, shi ya sa in aka tambayi mahaifiyata sai ta ce, "Rabon yara take yi." Sai ka ce na ɗoro su a faranti ina bi gida-gida. Gaskiyar magana, gidan riƙo nake nemo wa yara, kuma ba kowane irin yara ba. Waɗanda duniya ta riga ta murɗe ne: masu cizo, masu ɓoye abinci a wando, waɗanda in ka ɗaga hannu za ka sosa ƙeya sai su kare fuska. In nemo mutane masu haƙuri, in koya musu yadda ake zama da irin wannan yaro, sannan in riƙa zagayawa ina duba su. Aiki ne mai cin rai. Da maigidana ya samu aiki a wani kamfanin lantarki a Dubai a shekarar dubu biyu da goma, na ɗaure kayana na ce alhamdu lillahi, ni da 'ya'yan mutane kuma sai dai gaisuwa.

Ashe an gudu ne ba a tsira ba. Bahaushe ko a wata ya sauka, sai ya binciko sana'ar maƙwabcinsa. Ban daɗe ina shan sanyin esi ba aka buga mini waya aka ce wata mata ta rasu ta bar yarinya, kuma ai an ce ni na san harkar marayu.

Matar ɗaurin kaya take yi a wani sito a kasuwar Murshid Bazaar da ke unguwar Deira. 'Yan kasuwarmu in sun zo daga gida sun sayi takalma da leshi da turare, ita ke jera musu a kwali, ta danne, ta naɗe da salatif, a kai kago, inda ake aika kaya gida ta jirgi. A wannan siton ta reni 'yarta, kuma kwali ne gadon yarinyar tun tana jaririya. Ciwo ya kama matar, aka kai ta asibiti, kwana ya ƙare. Jama'armu suka yi mata sutura yadda ya kamata, wannan kam ba zan hana su yabo ba. An samu wata lamba a wayarta aka kira, wani mutum ya ɗauka ya ce shi ɗan'uwanta ne na jini, ya yi salati ya yi kuka. Da aka gaya masa ba ta bar komai ba sai yarinya 'yar kimanin shekara shida, sai layin ya katse. Har yau bai dawo ba.

Hukuma ta gaya mana magana a fili. Yarinya ba za ta zauna a ƙasar ba, tunda zamanta ya rataya ne a kan uwarta. Gida za a mayar da ita. Ko dai mu kawo babban mutum mai gida a Najeriya wanda zai ɗauke ta ya tafi da ita kafin Babbar Sallah, ko a sa ta a jirgi a miƙa ta gidan marayu. Ni kuwa na san gidan marayu ciki da waje. Ba zan zagi kowa ba, akwai bayin Allah a ciki, amma mace ɗaya da yara cike da ɗaki ba ta da lokacin tambayar yaro dalilin da ya sa yake cizo. Ɗaki ake kulle shi. Na ga yaran da suka shiga da ɗan sauran magana a bakinsu suka fito babu. Abin da nake jiye wa yarinyar nan ke nan, kuma shi ya hana ni cewa ba ruwana.

Don kuwa tana cizo. Ba ta magana sai ɗaiɗai. Kubus, burodin nan na Larabawa, take yagowa ta cusa a riga har ya yi funfuna. Ba ta barci sai a kwali. Ni na fara ɗaukarta, ta kwana biyu a gidana, maigidana ya miƙa hannu zai shafa kanta ta kafa masa haƙori a tsintsiyar hannu. Mutumin da ba ya ɗaga murya ya dube ni ya ce, "Baiwar Allah, ni aiki na zo yi ƙasar nan, kuma da hannu nake yinsa." Daga nan ta zaga wasu gidaje biyu, kowa ya ɗanɗana ya dawo da ita, har ta ƙare a wurin Yaya mai tuwo.

Yaya mai tuwo a Al Buteen take, a wani tsohon bene kusa da ruwa, ƙofarta na kallon ta marigayiyar. Mutuniyar wajen Gusau ce, ta haura hamsin. Duk ɗan kasuwar da biryani, dafa-dukar nan ta Indiyawa, ta ishe shi, can yake hawa ya ci tuwon shinkafa da miyar kuka ya ji ya dawo hayyacinsa. Ta yi aure sau biyu Allah bai ba ta haihuwa ba, kuma a lokacin tana shirin komawa gida gaba ɗaya saboda gwiwoyinta sun gaji da matakala. Mace ce mai baki. In ta buɗe shi a kan mai cin bashi ko mai zubar da miya, har na hawa na ƙasa sai ya shiga taitayinsa. Tun uwar na da rai take aiken yarinyar, yini take tana ƙwala mata kira da sunanta: kawo gishiri, miƙo ludayi, sauka daga kan buhun nan.

Da na fara zuwa duba su sai na lura da wani abu. Sunan ya ɓace daga bakin Yaya. "Ke" take cewa, ko "waccan", ko "yarinyar nan". In akwai mutane ba ta kallon inda take. Amma tsokar da ta fi kowace laushi a tukunya, a kwanon yarinyar take sauka, kamar hannun ne ya yi kuskure. Ban tambaye ta ba, don na san abin. Mahaifiyata har ta koma ga Allah ba ta taɓa faɗin sunan babban yayanmu ba, ba ta taɓa yi masa wasa a gaban mutane ba, in ya shigo ɗaki sai ta sami abin gyarawa a wani lungu. Kunyar ɗan fari ke nan. Yaya mai tuwo ta yi 'yar fari tana da shekara hamsin da 'yan kai, kuma ko da wuƙa a wuya ba za ta amsa ba.

Na koya mata abin da na sani. Na ce kada ta dake ta a kan cizo. Kada ta ƙwace kubus ɗin da take ɓoyewa, ta riƙa ajiye mata ɗan kwano da abinci kusa da kwalin, har cikinta ya yarda abinci ba zai ƙare ba. Kada kuma a taɓa ta ba zato. Ta harare ni ta ce, "Ke dai da iskancin boko. Mu da aka rene mu da tsumagiya mun mutu ne?" Da na dawo na tarar da kwanon a gefen kwali, an rufe shi da faifai.

To, sai kwamiti ya shigo. Mu ba ma yin abu sai da kwamiti. Aka taru a falon wani ɗan otal da 'yan kasuwa ke sauka, ƙarƙashin shugaban ƙungiyarmu, wani injiniya mai son tsari, wanda ko ruwa zai sha sai ya duba ajanda. Aka buɗe da addu'a. Wani alhaji mai kwantena ya tashi ya yi bayanin ladan riƙon maraya, ya haɗa yatsunsa biyu ya ɗaga sama don nuna kusancin da mai riƙon zai samu a aljanna. Kowa ya haɗa yatsu ya ɗaga, wasu har da share hawaye. Na ce a raina, yau kam sai an yi mini rububin yarinyar nan.

Na tashi na faɗi halinta tsakani da Allah, ban rage komai ba. Yatsu suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya.

"Hajiya, fara ce ko baƙa?" in ji wani.

"Tana fitsarin kwance?" in ji wata.

"Ba namiji a hannunki? Ni namiji nake so, mai ɗan wayo, ya tsaya a shago."

Na ce, "Alhaji, ba sito gare ni ba. Ita ke nan guda ɗaya."

Alhaji mai kwantena ya gyara zama ya yi tambayar da ta fi ƙona mini rai, kuma da zuciya ɗaya ya yi ta. Ya ce, "To in mutum ya ɗauka ya ga ba ta yi ba, ana iya dawowa da ita?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, har da garanti na shekara ɗaya, in ka riƙe rasit." Wallahi sai da ya gyaɗa kai kafin ya gane zagi ne.

Daga nan kowa ya tuna da uzurinsa. Wannan matarsa na da hawan jini. Wancan gidansa ana gyara. Waccan ta ce 'ya'yanta ba su saba da baƙo ba. Amma kowa a shirye yake ya ba da kaya. Kafin a tashi an yi wa yarinyar alkawarin takalma da sun isa ta buɗe shago, ga riguna, ga jakunkunan makaranta, babu dai ɗakin da za ta ajiye su. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, ranar na ga tawa miyar ta ƙare tas.

Can daga bayan falon wani ya ɗaga hannu. Mai gyaran esi ne, Kirista, mutumin kudancin Kaduna, yana zaune a masaukin ma'aikata na Muhaisnah. Shi ke gyara wa Yaya esinta, shi ne kuma yake kawo wa yarinyar sabon kwali in tsohon ya yage. Ya ce, "Shugaba, ni ba mai kuɗi ba ne, amma matata na gida da yaranmu uku. Na yi magana da ita. In ba wanda zai ɗauka, mu za mu ɗauka. Za mu sa ta Islamiyya, maƙwabtanmu Musulmi ne."

Tirƙashi! Falon ya kama da wuta. Mutanen da yanzun nan suka gama lissafa cututtukan matansu suka miƙe tsaye. A ba wa Kirista 'yar Musulmi, muna raye? Ina amfanin dukiyarmu? Hawan jini ya sauka nan take, gyaran gida ya ƙare. Mai gyaran esi bai yi fushi ba, ya koma ya zauna. Da muka fito ya ce mini, "Anti, da gaske nake. Amma in maganata ta tashe su daga barci, ai ita ma riba ce." Har yau in na tuna mutumin nan sai in yi masa fatan alheri.

A cikin wannan zafin ne Hajiya mai gwal ta fito. Babbar 'yar kasuwa ce daga Kano, tana zuwa a kai a kai sayen sarƙoƙi da awarwaro, tana da gida hawa biyu da 'yan aiki. Ta dafa ƙirji ta ce ita ta ɗauka, khalas, magana ta ƙare. Aka yi kabbara. Ba muguwa ba ce, in faɗi gaskiya. Ita dai duk abin da ta ga ana rububi, sai ta mallake shi hankalinta ke kwanciya.

Na ce ban yarda ba, akwai wadda ta riga ta riƙe yarinyar. Shugaba ya ce to ta zo ta nema da bakinta. Na hau benen Al Buteen na sami Yaya tana tuƙa tuwo, na ce, "Yaya, za su ba wa Hajiya mai gwal yarinyar nan. Ki zo ki ce kina so."

Muciyar ta tsaya cak, sannan ta ci gaba da juyawa. Ta ce, "Ni? In yi me da ita? Ta cinye mini jari?"

"Yaya, don Allah ki bar wannan. Ba lokacin kara ba ne."

"Su ba wanda suka ga dama. Can za ta fi cin daɗi."

Tana faɗa tana tsame ƙashi mai ɓargo tana sawa a ƙaramin kwano. Na ji kamar in ƙwace muciyar in maka mata. Da ƙyar, da magiya da haɗa ta da Allah, ta yarda za ta zo, wai don kada a ce ta raina manya.

Shugaba kuwa kamfaninsu ya taɓa tura shi wani kwas na sanin halayyar mutane, kuma tun daga nan bai ƙara yarda da abin da idonsa bai auna ba. Ya ce za a zaunar da kowace mai nema da yarinyar a gaban kwamiti, a ga wadda ta fi nuna shaƙuwa. Za a duba haɗa ido, da runguma, da kiran suna cikin taushi. Na ce, "Yallaɓai, wannan ma'aunin ba namu ba ne. Ni ma an koya mini shi, na san inda yake aiki da inda ba ya yi." Ya ce ai yanzu duniya ta ci gaba.

Ranar gwajin Hajiya ta shigo da 'yar tsana mai tsawon yarinyar, da cakulan cikin leda. "Habibti! Yalla, zo wurin Mami!" Larabcin kasuwa ke nan, wai masoyiyata, maza zo. Ta kira sunan yarinyar ya fi a ƙirga, ta sure ta, ta sumbace ta hagu da dama, ta miƙa wa wani wayarta ya ɗauke su hoto. Yarinyar ta sandare, ta ƙanƙame ledar cakulan, idonta a ƙasa. Ni na san wannan sandarewar, tsoro ne tsagwaronsa. Kwamiti suka ce ma sha Allah, dubi yadda ta natsu.

Sai Yaya. Ta zauna a bakin kujera ta ba wa yarinyar rabin baya, ta ja mayafi. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ke, gyara zamanki." Yarinyar ta gyara, ta matso har gefen zanenta na taɓa ƙafarta, ba wanda ya kula.

Shugaba ya ce, "Baba, kina son yarinyar nan?"

Ta ce, "Wa? Wannan mai kan ƙwarya?"

"To mene ne sunanta?"

"Ku da kuka tara mu ba ku sani ba?"

Aka dubi juna. Wata ma'aikaciyar banki ta raɗa wa ta kusa da ita cewa wannan ai rashin imani ne. Jama'a, Hausawa ne fa zaune a wurin nan, da Fulani. Rabinsu iyayensu mata ba su taɓa kiran sunansu ba. Amma sun yi 'yan shekaru suna ganin ana sumbatar yara a manyan kantuna, sun manta cikin da suka fito. Na tashi na faɗa musu haka, da ƙarin wasu kalmomin da ba zan rubuta ba. Shugaba ya ce in zauna, ba a yin hukunci da son zuciya. Aka ba Hajiya. Za ta riƙe ta a masaukinta har ranar tafiya, su saba.

Yaya ta tashi ta kakkaɓe zane ta ce, "To, madalla, na huta." Ta fita ba ta waiwayo ba. Washegari duk wanda ya hau cin tuwo ya sauko da yunwa, ta ce gas ne ya ƙare.

Na bi Hajiya na roƙe ta abu biyu: ta bar wa yarinyar kwalinta, kuma kada ta hana ta ɓoye abinci. Ta ce 'yarta ba za ta kwana a kwali ba kamar kyanwa, ta sa aka zubar. Kwanakin da suka biyo baya wayata ba ta huta ba. Ta ciji mai share ɗaki. Ta jiƙa kafet. An sami shinkafa a cikin akwatin sarƙoƙi. Ba ta barci, tsaye take kwana a bayan labule. "Habibti" ta koma "yarinyar nan taku". Duk da haka Hajiya ba ta sake ba, don ta riga ta aika hoton Kano, an yi ta sa mata albarka.

Ana saura kaɗan tafiya, bayan la'asar, ta sa mata wata riga mai baza kamar ta amarya ta tafi da ita Murshid Bazaar, za ta duba ɗaurin kayanta, ta kuma nuna ta ga abokan ciniki. Siton da ta shiga kuwa layinsu ɗaya da wanda marigayiyar ta yi aiki. Hajiya ta juya tana faɗa da masu ɗauri a kan wani kwali da ba a cika ba. Da ta waiwayo babu yarinya.

Ko da na iso kasuwar ta hargitse. Alhazai da manyan riguna suna bi lungu-lungu suna ƙwala sunan. Shugaba ya baro ofis da taye a wuya yana kira. Mai gyaran esi yana kira, Hajiya tana kira tana kuka, har masu turin kura 'yan Pakistan sun koyi sunan suna tayawa. Shiru. Ni kuwa na san inda yarinyar da aka hana kwali za ta nufa. Layin nan kwali ne tun daga ƙasa har rufi, ana naɗewa ana lodawa a mota ana kaiwa kago. Ga zafin da ko babba aka rufe a kwali ba zai kai magariba ba. Na yi ta ihu a daina lodi, amma wa zai tsayar da kasuwar Deira saboda mace ɗaya mai Hausa?

Sai ga Yaya mai tuwo. Ban san wanda ya gaya mata ba. Ta zo da ɗan kwalinta a karkace, takalmi wari da wari, hannunta duk garin kuka. Kai tsaye ta nufi layin. Ta shiga buɗe kwalaye tana leƙawa, tana turewa, amma ba ta kira ba. Na ce, "Yaya, ki kira ta!" Ta yi kamar ba ta ji ba.

A bakin layin wata farar mota ta gama lodi, yaron motar ya ja igiya ya ɗaure, direba ya tayar. Yaya ta dubi motar. Sai ta ɗora hannu biyu a ka, a tsakiyar kasuwa, a gaban maza, ta ƙwala sunan. Sau ɗaya. Ban taɓa jin murya irin wannan ba, kuma ba na fatan in sake ji. Direban da kansa ya taka birki.

Daga can cikin lodin, a ƙasa-ƙasa, aka ce, "Na'am."

Aka kwance igiya, aka sauke kwalaye. Tana cikin wani babba na barguna da ba a cika ba, ta ja marfin ta rufe kanta, an naɗe shi ba a duba ba. Ta jiƙe sharkaf, rigar amaryar ta manne mata, da guntun kubus a hannu. Ta wuce Hajiya, ta wuce ni, ta je ta kama gefen zanen Yaya.

Yaya ba ta rungume ta ba. Ta ce, "Ja'ira, kin sa na bar miya a wuta." Sannan ta ja mayafi ta rufe fuskarta gaba ɗaya, kafaɗunta na girgiza.

Alhaji mai kwantena, da ba ya iya ganin wuri ya yi shiru, ya ce, "A'a, Yaya, ashe dai kin san sunan?"

Daga cikin mayafin ta ce, "Ni ban kira kowa ba."

Ba wanda ya yi dariya. Shugaba yana tsaye kusa da ni, ya sassauta tayensa, ya daɗe yana kallonsu. Can ya ce, ba da ƙarfi ba, "Ni ɗan fari ne. Tawa uwar sau ɗaya ta kira sunana, ranar da na faɗa rijiya." Ya ciro hankici ya juya baya. Ban ce masa ai na gaya maka ba, ko da yake maganar ta zo mini har maƙogwaro.

Ba a sake zaman kwamiti ba. Hajiya da kanta ta ce khalas, Allah bai yi da rabonta ba, ta aiko da kayan yarinyar har da 'yar tsanar. Shugaba ya yi zirga-zirgar takardu da ƙafarsa. Da aka zo inda Yaya za ta amsa a gaban jami'i cewa ta ɗauki riƙo, ta ce, "To ya zan yi, tunda kun liƙa mini." Na fassara masa da cewa ta amince da farin ciki.

Na raka su filin jirgi da hantsi. Takalman da aka yi alkawari wasu sun iso, yawancinsu sun yi mata yawa. Mai gyaran esi ya kawo sabon kwali, ya ninke shi ya ɗaure da igiya, Yaya ta saƙale shi a hammata ta ce kada wanda ya kuskura ya sa mata shi a kago. Ina ta nanata mata karatuna: kwanon abinci, ban da duka, a bar ta ta daina kwalin da kanta. Ta ce, "Na ji, malama, na ji. Sai ka ce ke kika haife ni."

An kira jirginsu, Yaya ta yi gaba tana jan gwiwa, ba ta ko duba ko ana biye da ita ba. Yarinyar ta tsaya ɗaure takalmi, ta ɗago ta ga an yi nisa. Sai ta buɗe baki, da ƙarfi, yadda duk layin ya ji, ta ce, "Inna, jira ni!"

Yaya ta tsaya. Ba ta juyo ba. Ta ɗaga kai tana kallon rufin filin jirgin kamar ta ga wani abu a can, ta kai bakin mayafi ido, ta ce, "Ku ji mini yarinya da surutu." Sannan ta sako hannunta ɗaya ta baya, a buɗe, har yarinyar ta iso ta kama.